Takardar kabon a injin raba ruwa: gefen da za ka sa ta da yadda za ka matse ta

Yawancin masu haɗa ƙaramin injin raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin, wato elektirolaiza, duk hankalinsu na kan tantanin da ke tsakiyar injin da katalis, sinadarin da ke hanzarta aikin, don su ne masu tsada kuma su ake ta magana a kai, sai a bar wannan baƙin fallen da ke jingine a bayansu a zuwan cike gurbi kawai ya zo yi. Ni kuwa a ganina da yawa daga laifin da ake ɗora wa katalis na wannan fallen ne, ko dai an sa shi a gefen da ba nasa ba, ko an matse shi har ya farfashe, ko kuma ba a matse shi ba sam yana ta lilo a ciki. Shi ya sa nake so mu bi abin a tsanake, daga zaɓe har zuwa kunna wuta.

Tukuna dai mu san abin da ke cikin akwatin. Ina magana ne kan nau'in PEM, wanda kamfanin General Electric ya fara ƙerawa a Amurka a shekarun 1960, mai tantanin roba a tsakiya irin su Nafion, wanda ke barin furoton ya wuce amma ya tare iska. A gefe ɗaya na tantanin akwai anod, nan ake tura ruwa, katalis ɗinsa iridiyom oksaid ne, shi ke fasa ruwan a samu oksijin da furoton da elektiron. Ɗaya gefen katod ne, da filatinom, nan furoton ɗin da suka tsallako ke haɗuwa da elektiron ɗin da suka zagayo ta waya su zama haidirojin. Daga can waje kuma farantai biyu ne masu 'yan magudanai da aka sassaƙa a jikinsu, faɗin kowace wajen milimita 1. To ka lura, farantin ba ko'ina yake taɓawa ba, tudun da ke tsakanin magudanai ne kawai ke taɓa abin da ke gabansa, shi kuwa shafin katalis kaurinsa maikuron 10 ne ko makamancin haka, ba zai iya jan wuta a kwance daga tudu zuwa tsakiyar magudana ba sai da asara mai yawa. Wannan giɓin shi matattarar wuta, wato fallen da muke magana a kai, ke cikewa, falle ne mai kafofi da ke zaune tsakanin faranti da katalis, ya karɓi wuta daga tudu ya baza ta ko'ina daidai, ya bar iska da ruwa su ratsa shi, ya kwashe zafi, sannan ya tokare tantanin kar ya lotsa cikin magudana. Kuma ayyukan nan ba jituwa suke ba fa, in ka ƙara kafofi iska ta samu hanya wuta ta sha wahala, in ka rage su wuta ta ji daɗi iska ta maƙale.

Kabon na katod ne kawai

Abin da nake so ya fara zauna maka a kai shi ne kabon na gefen haidirojin ne, kar ka kai shi anod ko da wa ya ce maka ya gwada ya yi. Dalili kuwa, kabon na ƙonewa ko a cikin ruwa, ba da harshen wuta ba, a hankali yake kama oksijin ɗin da ke jikin ruwan ya koma iskar CO2 ya yi tafiyarsa. A lissafi wannan ƙonewar na iya farawa tun daga bolt 0.207, abin da ke cetonsa kawai shi ne a ƙananan bolt ba ta da sauri ko kaɗan, shi ya sa yake daɗewa a injinan da ke mai da haidirojin lantarki, inda ba a cika wuce bolt 1 ba, kuma daga can ne ma aka aro takardar kabon ɗin tun asali. Amma anod ɗin elektirolaiza ba ya ma fara aiki sai an haura bolt 1.23, in kuwa ana aiki sosai sel ɗin, wato haɗin anod da tantani da katod, na tsakanin 1.8 da 2, kuma kusan duk wannan nauyin a kan anod yake, ga zafin digiri 60 zuwa 80, ga asid ɗin tantani, ga oksijin na ta ɓulɓulowa, kai babu ta yadda kabon zai kai labari a nan.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne awannin farko. Ka sa takardar kabon a anod ka kunna, sakamakon zai yi kyau har ya fi na titaniyom tsura, don kabon na manne wa katalis sosai, sannan wani ɓangare na wutar da kake gani a mita ba ruwa take fasawa ba, takardar take ci. Sai ka duba ruwan da ke dawowa cikin tanki ka ga ya fara yin rawaya-rawaya, daga nan ya koma ruwan ƙasa, bolt ya fara hawa da kansa ba ka taɓa komai ba, in ka buɗe ka tarar gefen da ke kallon katalis ya yi laushi, ka shafa da yatsa baƙin gari ya biyo ka. Araha ba ta ado dai. A anod titaniyom ake sawa, ko dai wanda aka yi da siraran zare ko wanda aka gasa garinsa ya manne, kuma a shafa masa filatinom siriri don titaniyom ɗin ma yana yin wata fatar oksaid da wuta ba ta wuce ta. A katod kuwa labarin ya juya, bolt ɗin wajen sifili yake, haidirojin ne ya cika wurin, babu abin da zai ci kabon, shi titaniyom ɗin ne ma ke shan haidirojin a hankali har ya zama mai saurin tsagewa. Ƙari a kan haka kabon ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ya fi laushi a jikin tantani, kuma ba ya sakin ƙarfe a ruwa, wanda wannan babban abu ne don ko ɗan ƙarfe ko tagulla da ya narke ya shiga Nafion yana tare wa furoton hanya.

Akwai dai wani bincike da ya burge ni, na masu aiki a NPL, ɗakin awo na ƙasa da ke Ingila, a 2020 suka nuna cewa tunda tataccen ruwa kusan ba ya ɗaukar wuta, wannan babban bolt mai cin kaya bai cika nisa da shafin katalis ba, abin da ke can baya ba ya jin sa sosai. Daga nan ne tunanin sa siririn titaniyom a jikin katalis da abu mai araha a bayansa ya samu ƙarfi. Abu ne mai kyau wallahi, amma bai wanke kabon ɗin da ke taɓa iridiyom kai tsaye ba, kuma ya dogara ne da ruwan ya ci gaba da zama tas, don haka wanda yanzu ya fara haɗa sel ya bar wannan tukuna.

Wanne za ka zaɓa

In an ce kabon mai kafofi wasu tunaninsu na tafiya ga gawayin tace ruwa, wanda giram ɗaya nasa ke da fili kusan murabba'in mita 1000. Ba shi ake nufi ba. Kafofin wannan ƙasa da nanomita 2 suke, don kama datti aka yi su, iska ba za ta gudu ta cikinsu ba, kuma gari ne, bai riƙe wuta da kyau. Abin da muke so manyan kafofi ne masu haɗe da juna, maikuron 10 zuwa 30, a cikin falle ɗaya mai ɗaukar wuta daga farko har ƙarshe. Kusan duk ana yinsu ne da wani zaren roba mai suna PAN da aka gasa sama da digiri 1000 inda babu iska, kaurin sili ɗaya wajen maikuron 7, wasu kuma a ƙara gasa su sama da digiri 2000 su koma kusa da girafait, waɗannan sun fi ɗaukar wuta kuma sun fi jure ci.

Takardar kabon ita ce aka fi sani, gajerun zare ne aka watsa aka manne da wani ƙaro sannan aka gasa. Misali Toray TGP-H-060 kaurinta maikuron 190, kashi 78 cikin ɗari nata fanko ne, 090 ɗin maikuron 280, 120 ɗin kuma 370. Tana da tauri, tana tsallake magudana ba ta faɗa ciki ba, fuskarta a miƙe, matsalarta kawai karyewa, ka ɗan lanƙwasa ta sai ka ji ƙas kamar busasshen ganye. Akwai yadin kabon, saƙa ce sosai, ya fi kauri, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, amma fuskarsa tudu da kwari ce saboda saƙar, wani wuri ya danne katalis wani wuri bai taɓa ba, kuma in an matse yana cusa kansa cikin magudana ya rage wa iska hanya. Sai na uku, wanda zaren ke harɗe da juna ba saƙa ba kuma ba ƙaro mai tauri, irin H23 na Freudenberg, shi yana tsakiya, yana lanƙwasuwa kuma in an matse an saki yana ɗan dawowa, riƙe wannan za mu koma kansa. Mai kaurin milimita da yawa ɗin nan da ake sa wa batiran da ruwa ke zagaya cikinsu ya yi kauri da yawa a nan, kumfar kabon mai ƙyalli kuma, wadda kusan kashi 97 nata fanko ne, rugujewa take in ta ji matsi. Ni dai in mutum ya tambaye ni zan ce ya fara da takarda mai kaurin maikuron 200 zuwa 250, ita ce ta fi sauƙin lissafi.

Kuma kar ka ɓata lokaci wajen neman wadda ta fi kowace ɗaukar wuta a rubuce, bari ka ga dalili. Takardar bayanin Toray ta ba da turjiyar 060 daga fuska zuwa fuska miliom-santimita 80, a kwance kuma 5.8 tunda zaren duk a kwance suke. Ninka 80 da kaurinta, santimita 0.019, za ka samu wajen miliom 1.5 a murabba'in santimita, wato ko amfiya 2 kake turawa a kowane murabba'in santimita asararka milibolt 3 ce kacal. To a ce kuma haɗuwar takardar da faranti ko da katalis ba ta yi kyau ba ta ƙara maka miliom 50, ka ga milibolt 100 sun tafi a banza sun zama zafi, kashi 5 cikin ɗari na wutarka kenan. Jikin takardar ba shi ne matsala ba, inda take taɓa maƙwabtanta ne, shi ya sa maganar matsi ta fi maganar suna.

Sai batun ruwa. Mutum zai zaci katod a bushe yake tunda ba a zuba masa ruwa, ina, kowane furoton da zai tsallaka yana jan ƙwayar ruwa biyu zuwa huɗu tare da shi. A sel mai jan amfiya 25, ruwan da ake fasawa a awa giram 8.4 ne, amma wanda ke tsallakawa katod ya kai giram 40 ko fiye, kuma duk ta cikin takardar nan zai fita tare da haidirojin. Shi ya sa ake sa mata PTFE, wato Teflon, don wasu kafofin su ƙi jiƙa su zama hanyar iska. Kaɗan ya isa, kashi 5 zuwa 10 na nauyinta, in ya yi yawa ya toshe kafofi kuma shi ba ya ɗaukar wuta. Gwajin mai sauƙi ne, ɗiga mata ruwa, in ɗigon ya dunƙule yana gangarawa tana da shi, in ya baje ya nutse babu. In za ka sa da kanka, auna ta a sikeli mai kyau, tsoma ta a ruwan PTFE da ka sirka sosai don wanda ake sayarwa kashi 60 ne, shanya ta a kwance ta bushe a hankali kana juya ta, in ta bushe da gaggawa duk PTFE ɗin fuska yake gudowa ya bar ciki, sannan ka gasa a digiri 350 na rabin awa tunda yana narkewa ne a 327, ka sake aunawa ka ga nawa ya hau. Gashin nan a inda ake zuƙe hayaƙi waje za ka yi shi, hayaƙin PTFE mai zafi na cutar da huhu, ba abin wasa ba ne.

Wasu takardun, irin Sigracet masu BB ko BC a ƙarshen lambarsu, suna zuwa da wani shafi a fuska ɗaya, garin kabon ne mai laushi da aka kwaɓa da PTFE, kafofinsa ƙasa da maikuron 1. Ina son wannan shafin ƙwarai a katod, don yana ƙara wuraren taɓawa tsakanin takarda da katalis kuma yana rufe tsinin zaren kar su soki tantani, musamman in siriri ne irin Nafion 212 mai maikuron 51, ba kamar 117 mai wajen 180 ba. Fuskar da ta fi santsi kuma ta fi baƙi wuluk ita ce mai shafin, ita ke kallon katalis, mai zare-zare a fili ita ke kallon faranti, kar ka juya su.

In naka injin ba PEM ba ne, na alkalain ne ko AEM, wani nau'in mai tantani daban, masu aiki da ruwan KOH, sinadarin da ke kishiyar asid, dokar ba ta canza ba, nikel ko baƙin ƙarfe mara tsatsa a anod, kabon a katod. Bambancin kawai in ruwan KOH ɗin na zagayawa ta katod kana so takardar ta jiƙe, to ka nemi mara PTFE, in ta ƙi shan ruwa a gasa ta a iska wajen digiri 400 na 'yan awanni. Mai PTFE ba a yi mata wannan gashin.

Yanka, gaskit da ɗauri

Sa safar hannu, maiƙon yatsa da gishirin gumi ba sa yi wa sel daɗi. Takarda tsura za ka iya wanke ta da asiton, sai alkohol, sai tataccen ruwa ka shanya, mai shafi kuwa ka bar ta yadda ta zo, wanki na ɓamɓare shi. Wajen yanka ka manta da almakashi, murƙushe baki yake yi, sabuwar reza da rula ta ƙarfe a kan abu mai tauri, fuskar shafin na sama, ja ɗaya ko biyu. Bayan nan ka ɗaga ta a haske ka duba bakin, za ka ga wasu 'yan silin zare sun miƙe tsaye suna ƙyalli, waɗannan su ne ke huda tantani su haɗa wuta, hure su da busasshiyar iska ka share tebur kafin ka fito da tantanin, don guntun zare ɗaya da ya faɗa a kai ya isa. Girman kuma ya zauna cif a tagar gaskit, wato fallen da ke zagaye takardar yana hana yoyo, in ta yi ƙanƙanta tantani zai kumbura cikin ratar da ta rage ya tsage a nan, in ta hau kan gaskit bakin ya murƙushe sel ya riƙa yoyo.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa. Ba ƙarfin hannunka ne ke yanke yawan matsin da takardar za ta sha ba, kaurin gaskit ne, don farantai za su yi ta matsowa har sai sun zauna a kan gaskit su tsaya. Saboda haka auna takardar da maikuromita a wurare huɗu ko biyar, kar ka yarda da abin da aka rubuta a kwali kawai, sannan ka zaɓi gaskit mai tauri irin na PTFE wanda zai sa ta ragu da wajen kashi 20 zuwa 25 in mai shafi ce. A ce ka auna ka samu maikuron 250, gaskit ɗinka ya zama 190 zuwa 200. Takarda tsura mai tauri irin Toray ba ta son kaiwa nan, rage mata, don ƙaron da ya riƙe zaren na farfashewa. A gefen anod kuwa titaniyom kusan ba ya matsuwa, gaskit ɗinsa ya yi daidai da kaurinsa, wanda ke nufin duk sassaucin sel ɗin a kan kabon ɗinka yake, har kumburin da tantani zai yi in ya sha ruwa shi zai shanye.

Jera su a kwance, farantin katod a ƙasa, gaskit, takarda, tantani, gaskit, titaniyom, faranti. Fuskokin tantanin duka biyu baƙaƙe ne, ido ba zai raba maka iridiyom da filatinom ba, ka yi alama a gefe tun ranar da ka buɗe ledarsa. Notuna kuma a gicciye ake ɗaure su, wannan sai na gabansa ta ɗaya kusurwar, a zagaye uku kana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan da sifana mai awo, in ka gama da ɗaya gaba ɗaya kafin ka taɓa sauran takardar ta riga ta karye a wannan kusurwar kai ba ka sani ba. In kana da halin samun fim ɗin awon matsi irin Prescale na Fujifilm, yi gwaji da shi a madadin tantani kafin haɗin gaske, yana yin ja a inda aka danne shi, za ka ga zanen magudanai ya fito raɗau, in tsakiya ta yi fari-fari gefe ya yi ja sosai to farantanka na lanƙwasawa ne, sai a ƙara musu kauri. Yawanci ana neman wajen megafaskal 1 zuwa 2 a kan filin aikin.

Kafin ruwa ya shiga, ɗora mita a kan farantan biyu a awon turjiya. Lambar za ta riƙa hawa a hankali, wannan lafiya ne, in kuwa ta tsaya cak a kusa da sifili wuta ta haɗe a ciki, kwance ka nemo zaren. Sai ka hura naitirojin kaɗan ka bi gefuna da ruwan sabulu ka ga ko kumfa za ta tashi.

Kunnawa da karanta abin da sel ke gaya maka

Ruwa ya zama tatacce wanda aka cire wa ma'adanai, mai ɗaukar wuta ƙasa da maikurosimen 1 a santimita, ka bar shi ya zagaya da ɗuminsa na kamar awa guda ba wuta don tantani ya sha ya ƙoshi. In sel ya yi zafi ya huce a karon farko ka sake bin notuna, gaskit ɗin PTFE na saki. Kafin ka maƙala waya duba sau biyu, ja a anod baƙa a katod, in ka juya su ka mai da kabon ɗinka anod kenan, kuma garin kabon da ke ɗauke da filatinom shi zai fara tafiya cikin ɗan lokaci. Bolt kuma da wasu siraran wayoyi daban za ka auna shi a jikin farantai, lambar da ke fuskar injin ba da wuta ta haɗa da asarar manyan wayoyi, za ta sa ka zargi takardar da ba ta yi laifi ba.

Fara da amfiya 0.1 a murabba'in santimita, ka riƙa hawa mataki-mataki kana rubuta bolt. In ka zana su, farkon layin labarin katalis ne, tsakiyar da ta miƙe labarin turjiya ce, wato tantani da wuraren taɓawa, in kuma can sama layin ya lanƙwashe ya yi sama da sauri to iska ko ruwa ne suka rasa hanya. Sel mai lafiya a digiri 80 yakan ba da wajen bolt 1.7 zuwa 1.8 a amfiya 1. Tsakiyar ta yi tsayi da yawa, fara zargin matsi ya yi kaɗan, canza gaskit zuwa wanda ya fi siriri da ɗan kaɗan ka sake gwadawa. Lanƙwasar sama ta zo da wuri, ko matsi ya yi yawa ko PTFE ya yi yawa. Ka kuma auna iskar da ke fita, amfiya 1 na awa 1 na ba da lita 0.418 a sanyin digiri sifili, wajen 0.45 a ɗumin ɗaki, wato sel mai amfiya 25 ya ba ka lita 11 ko kusa da haka a awa, in ya gaza sosai akwai yoyo ko wata 'yar haɗuwar wuta.

Kar ganin bolt na sauka ya sa ka yi ta rage gaskit, nan akwai haɗari na gaske. In takardar ta matsu fiye da kima kafofinta da na katalis sun rufe, haidirojin ya rasa mafita da sauri ya taru a jikin tantani, sai ya ƙara ratsawa ta baya zuwa cikin oksijin. Haidirojin kashi 4 a cikin oksijin ya isa fashewa, shi ya sa ake kashe inji tun a kashi 2, kuma abin ya fi muni in wuta kaɗan ake ja ko tantanin siriri ne, don oksijin ɗin da zai sirka shi ya ragu. A iska ma yana kamawa daga kashi 4 har 75, harshen wutarsa da kyar ake gani da rana, don haka bututun haidirojin ya fita waje daban, na oksijin daban, ɗaki a buɗe.

In za ka tara haidirojin da matsi, irin bar 30 da manyan injina ke yi alhali gefen oksijin na sake, ka tuna bar 30 megafaskal 3 ne, ya fi ɗaurin da ka yi, kuma turin tantanin yake ya bar kabon ya jingina da titaniyom. Takardar da ta riga ta murƙushe ba za ta bi shi ba, rata ta buɗe turjiya ta hau. Nan ne mai harɗaɗɗen zaren nan da ke dawowa in an saki ya fi takarda mai tauri, titaniyom ɗin kuma ya zama mai ƙananan kafofi don tantani kar ya nutse cikinsu.

Ko a katod ɗin ma akwai lokacin da kabon ke shan wahala, lokacin kashewa ne. Wuta na ɗaukewa, haidirojin ɗin da ya rage ya ƙare, oksijin ya ratso ko iska ta shigo ta bututu, bolt ɗin katod na iya hawa har kusa da 1, kuma garin kabon na shafin nan da na katalis sun fi zare saurin ciwuwa. Sau ɗaya ba komai, amma injin da ke bin hasken rana ko iska kullum cikin kashewa da kunnawa yake, abin na taruwa. Sa bawul mai hana komowa a bututun haidirojin, in za a daɗe a kashe ka kore shi da naitirojin ka toshe.

Duk ranar da ka kwance sel, kalli takardar da kyau kafin ka yar. Sawun tudun faranti ya fito iri ɗaya ko'ina, alamar ɗauri ya yi daidai, in wani gefe ya yi zurfi wani babu komai ka san inda za ka gyara. In shafin ya ɓamɓare ya manne a tantani ko ka ga tsaga ta bi layin magudana, matsi ya yi yawa. Ɗaga tantanin ma a haske ka bi bakin tagar gaskit ko akwai ɗan huji. Sannan ka sake auna kaurin takardar ka rubuta kusa da na farko, za ka ga ba ta koma yadda take ba, don haka a haɗi na gaba sabuwa za ka yanka, ka kuma sake lissafin gaskit da kaurin sabuwar.